Ciyawa a Kan Katanga

"Baffa, agaza mini da kara, shanuna za su mutu," in ji ɗan ƙanena.

Shi ne bara ya kankare baƙar ƙasar makiyayar ubansa, ya gina da ita katangar da ta fi ta kowa tsawo a garinmu, Abu Na'ama. A lokacin na gaya masa ƙasar nan tokar duwatsun Habasha ce masu aman wuta, kogi ya kawo wa kakanninmu. Ya ce, "Toka ai toka ce, tsoho."

Damina ta sauka, makiyayar tsakuwa zalla. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Na nuna masa da sanda. Saman katangar ya yi kore shar, shanunsa na gindinta sun miƙe wuya.

"Ga ciyawarka can, ɗana. Saura ka koya musu hawan tsani."