Labulen Biron Alhaji

"Kayan bola ne kawai," in ji Isufu, yana zare layuka biyu da suka lanƙwashe daga labulen roba na tagar biron, wato ofishin, Alhaji Abdulrazak, ɗan kwangila.

Isufu ne ya saka labulen, don haka duk sanda ya lalace shi ake kira, kuma kullum a wuri ɗaya. Dilan Yamai da ya sayar da labulen ya rantse kayansa ba su da aibu. Alhaji kuwa ya ce Isufu ne bai iya aiki ba. A haka gyara ya koma sadaka. Isufu ya tsine wa masu yin wannan roba har bakinsa ya gaji.

Ran kasuwar Filinge ya dawo neman haƙƙinsa. Basiratu sakatariya ko kai ba ta ɗaga ba.

"Alhaji ya tahi Baleyara tun da sahe, Malam Isufu."

Kullum Baleyara, sai ka ce can aka binne cibiyarsa. Isufu ya fito ya hau babur, yana juya kansa sai idonsa ya faɗa kan tagar. Yatsu biyu, ɗaya da zoben azurfa, sun buɗa labulen daidai inda ya saba gyarawa. Ido ɗaya na leƙensa.

Ya sauka, ya taka a hankali har gindin tagar.

"Alhaji, yaya Baleyara? Sassauta yatsu, roba ce. Na yi ta zaginta a banza, ashe ba ita ce kayan bolar ba."