Sunan da Inna Sonjari Ba Ta Faɗa

Kwana tara ke nan da jini ya bugi Baba Ramashish, kuma tun ranar yarensu na Bojpuri ya fice daga bakinsa ɗungurungum. Magana kam yana yi, amma da yaren ƙasar Bama, wanda a duk ƙauyen ba mai ji. Ɗansa Kedar ya zauna a bakin gadon igiya yana kallon leɓen tsohon kamar mai kallon ruwa yana wucewa.

Abin da ke cin Kedar gona ce. Baffa Bindesar, ɗan ƙanin kakansa, ya kai ƙara gaban dattawa wai tsohon ya yi masa alkawarin rabin gonar rake. Bindesar bai taɓa yafe dawowar Ramashish ba, don da yaƙi ya cinye shi a Bama, da gonar kacokan ta gidansu ce. Dattawa suka ce ba su da ta cewa sai mai gona ya yi magana.

Kowa ya san labarin dawowar. An haifi Ramashish a gonakin raken Bama, ba wanda ya taɓa ganinsa a ƙauyen sai shekarar da mutane suka tsero da ƙafa ta duwatsu. Ya iso ƙashi da fata, da mata, da takardar gonar ubansa. Shekara guda cur bai ce uffan ba, aka ce wahalar hanya ce. Da bakin ya buɗe, a hankali yake jan Bojpuri, kuma har ya tsufa bai taɓa wanka a tafki tare da maza ba.

Matar ce abin magana. A inda mace ta gari ba ta furta sunan mijinta ko da wuƙa a wuya, Inna Sonjari daga bakin rijiya take ƙwala "Ramashish, abinci ya huce." Mata suka yi zunɗe har suka gaji, suka ce zaman Bama ne ya cire mata kunya. Kedar ya sha dambe saboda wannan yana yaro, kuma har yau abin yana yi masa zafi.

Da safe ya ɗauko Malam Jamuna a bayan keke daga garin Ara, wani tsoho da ya koyar a Bama shekara ashirin. Dattawa uku suka shigo, Bindesar ya tsaya a bakin ƙofa. Inna Sonjari tana gefe tana jiƙa wa mijinta leɓe da cokali.

Malam ya kasa kunne yana ta sauraren tsohon.

"Malam, ka ji ko kai ma ka manta?" in ji Bindesar.

"Na ji sarai. Mamaki nake yi. Namu yaren a ƙasa yake tafiya, kamar keken shanu. Nasu kuwa a murya yake, ka ɗaga ta kaɗan ka sauke, magana ta sauya. Mu da muka koya a kasuwa, ko mun shekara nawa, da mun buɗe baki yara ke yi mana dariya. Wannan tsohon ba wanda zai yi masa dariya."

"A can aka haife shi," in ji Kedar. "Ka tambaye shi gonar."

Malam ya tambaya sau biyu. Tsohon ya maimaita abu ɗaya, hawaye yana gangarowa cikin kunnensa.

"Ba ruwansa da gona," in ji Malam. "Mutum yake nema. Cewa yake a kira Tun Sein. Ko sau ɗaya ne, kafin ya tafi."

Kedar bai taɓa jin sunan ba. Ya ɗauka wani shaida ne, wanda ke can ƙasar da ba shi da kuɗin zuwa. Bindesar ya yi murmushi ya gyara tsayuwa.

"Inna, wane ne wannan mutumin?" in ji Kedar.

"Mai keken shanu ne," ta ce, idonta a kan cokali. "Shi ya goyo ni ya tsallake kogi da shanun suka mutu."

"Yana raye?"

Ta ci gaba da jiƙa wa mijinta leɓe. Numfashin tsohon ya fara sarƙewa, hannunsa mai lafiya yana lalubar gefen zaninta. Malam ya sunkuya ya sake saurare, ya ɗago a sanyaye.

"Ya ce shekara arba'in da biyar ba wanda ya kira shi. Ya ce tsoro yake ji."

"To, Sonjari," in ji Bindesar, "ke da sunan maza ba ya yi miki nauyi a baki, kira mana shi mu ji ko zai amsa daga Bama."

Ta ajiye cokalin. Ta dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya, sannan ta dubi ɗanta. Kedar bai taɓa ganin tausayinsa a idon uwarsa kamar na wannan lokacin ba, kuma abin ya tsorata shi.

"Gonar ta tafi, Kedar, ka yafe mana," ta ce. "Ramashish wani matafiyi ne da muka tarar yana mutuwa a gindin itace, takardar gonarsa a ƙugu. Ba abin da ya haɗa ni da shi." Ta kamo hannun ɗanta ta ɗora a ƙirjin tsohon, ta jawo gefen zaninta ta rufe fuska. "Ga mai keken shanun nan. Kira ubanka, kai. Mace ba ta faɗin sunan mijinta."