Duka Uku a Gidan Burodi

Tun da aka kafa dokar cewa duk wanda na'ura ta cuta, ko wani ɗan'uwansa, zai iya ramawa da duka uku a jikin ma'aikacin kamfanin da ya girka ta, sababbin ɗauka ake turawa. Kwanan Nafi'u tara da fara aikin ba da shawara kan na'urori aka aike shi gidan burodin Malam Tasi'u.

Injin kwaɓa fulawa ne ya tashi da kansa, ya cinye hannun ƙanin mai gidan har gwiwa. Ko jinin ba a wanke ba.

"Kai ka haɗa shi?" in ji Malam Tasi'u.

"A'a, Baba. Yau na fara ganinsa."

"To, durƙusa."

Nafi'u ya durƙusa, ya mai da hannuwa baya yadda aka koya musu a ofis. Dattijon ya ɗauko ƙarfen fito da burodi. Na farko ya sauka a kafaɗa, ƙashi ya ce ƙas. Na biyu ya fasa masa baki, haƙori ya faɗa cikin fulawa. A na uku dattijon kuka yake yi, amma bai sassauta ba.

Nafi'u ya tofar da jini, ya lalubo wayar aiki da hannun da ke motsi. In bai cike fom ba, gobe a sake turo shi.

"Baba, don Allah," ya ce, "daga ɗaya zuwa biyar, maki nawa ka ba aikinmu?"