Zauren Tsohuwa da Masu Tsintar Zoɓo

Kai da kake cewa annoba ba ta bambanta mace da namiji, gyara zama ka ji. An yi wata mata mai 'ya'ya uku da ke aikin tsintar zoɓo a wani sito, inda mijinta ma yake dako. Hannunta kullum jawur kamar ta sa lalle, kuma wallahi tana alfahari da shi, don da shi take sa yara a makaranta. Da safe ita da abokan aikinta sukan ajiye ƙananan yaransu a zauren wata tsohuwa mai sayar da daddawa. Tsohuwar ga faɗa, ga mita, amma ba yaron da ya taɓa kuka da yunwa a gabanta. Sai annoba ta sauka, aka rufe sito, aka rufe makarantu. Kafin a buɗe gari, cutar ta ɗauke tsohuwa, Allah ya jiƙanta.

Ranar da aka buɗe sito, makarantu na nan a garƙame. Matar ta goya na goye, ta ja biyu a hannu, ta bi mijinta. Shi ya sa kai ya shige abinsa, ba wanda ya tambaye shi inda ya bar 'ya'yansa. Ita kuwa mai gadi ya tare ta, wai ba a shiga da yara, kuma duk wadda ba ta zauna kan tabarmarta yau ba, gobe an ba wata. Ta waiga, ashe ba ita kaɗai ba ce. Ga sauran matan nan cirko-cirko a bakin ƙofa, kowacce da nata ayarin. Kaico! Ta dubi jan hannunta, zuciyarta ta yi mata ɗaci, don ta gane in ba ɗaya ta haƙura ba, dukansu sun tashi a tutar babu. Ta share ido da gefen mayafi ta ce, “Ku kawo su nan. Ku shiga.”

Tana nan har yau a zauren tsohuwa, yaran unguwa zagaye da ita, matan na yi mata ɗan ihsani ranar biya. Jan hannun ya daɗe da gogewa, kuma in motar zoɓo ta wuce takan kau da kai. Mai sito bai ko san sunanta ba, alhali ita ke riƙe masa da ma'aikata. Dama Hausawa sun ce, tsintsiya maɗaurinki ɗaya.