Sandar Tsamiya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

A shekarun da majigi ke yawo ƙauye-ƙauye, babu wanda bai san fuskar Ɗanmaliki ba. Mutumin Karaye ne, dogo, mai murya kamar ganga, kuma fim ɗaya ne ya ɗaga shi sama, wai shi Gwarzon Ruga. A cikinsa akwai shaɗi, wasan nan na Fulani da saurayi ke tuɓe riga a zabga masa sanda. Wanda ya yi kuka a shaɗi ya sha kunya har kabari.

A Fulatan ta ƙasar Rogo aka ɗauki wurin. Masu fim suka ce ba sa son na wasa, sai na gaske. Aka samo wani makiyayi mai suna Hamma. Ya zo da kitso, fuskarsa cike da kwalli da zane, ya ɗaga madubi a gaban fuska yadda ake yi. Ɗanmaliki ya zuba masa sanda uku a haƙarƙari. Jini ya fito, Hamma ko gezau.

A al'ada, wanda ya yi duka sai ya tuɓe ya karɓi ramuwa, a wannan fili, a gaban waɗannan mutane. Ɗanmaliki ya ce rana ta yi, a bari sai gobe. Kafin goben, motarsu ta kama hanyar Kano.

Wannan bai kai na biyun muni ba. Wajen haɗa fim aka ga ba armashi jarumi ya yi duka a yi shiru, sai aka ɗora ihun wani a kan hoton Hamma, tunda madubi ya rufe bakinsa. Ranar da majigi ya kawo fim ɗin zuwa Rogo, duk ƙasar ta ji Hamma yana kuka kamar ɗan akuya. Sauda, wadda zai aura, ta rufe fuska ta bar wurin. Hamma ya bar shanunsa ya shiga duniya, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Shi kuma Ɗanmaliki bai ƙara taka ƙasar Rogo ba.

Shekaru suka yi ta tafiya. Ɗanmaliki ya yi suna, ya yi abokai, ya ɓata da su ɗaya bayan ɗaya. Yau a ce ya zagi mai shirya fim, gobe a ce ya mari abokin wasansa. Mutum ɗaya ne bai gudu ba, Ilu direbansa, mai aski ƙwal da gemu, mara yawan magana. Kwano ɗaya suke ci. Da ciwon ƙirji ya kama Ɗanmaliki, Ilu ne ya goya shi zuwa asibiti, ya yi jinyarsa har ya miƙe.

Ɗanmaliki yakan zolaye shi. Ko zafin bazara ya kai ina, Ilu ba ya cire riga. Kuma yana da wata sandar tsamiya a bayan mota, yana yawan shafa mata man shanu.

"Kai Ilu, amarya ce wannan sandar?"

"Ta macizai ce, maigida."

Ana nan, Ɗanmaliki ya sami kujerar Makka. Ya shiga zagaya mutane yana neman yafiya, kamar yadda maniyyaci ke yi. Da ya ce ya gama, sai Ilu ya ce, "Saura Fulatan, maigida." Ya san labarin, don maigidan ya sha ba shi da bakinsa.

"So kake su kashe ni? Likita ya ce ƙirjin nan ko gudu ba zai ɗauka ba, balle sanda."

"In Hamma ya yafe, ka tafi da nauyinka a sauke. In bai yafe ba, gara ka ji a nan da ka ji a can."

Maganar ta hana shi sakat, har ya ce su tafi.

Tun daga Rogo ya ga abin da bai gane ba. Ba ranar kasuwa ba ce, amma hanya cike take da Fulani, sanduna a kafaɗa, duk sun nufi inda motar ta nufa. Sun gan shi, sun gane shi, ba wanda ya ɗaga hannu.

"Wa ya gaya musu muna tafe?"

"Labari ba ya wuyar kai wa ruga," in ji Ilu, idonsa a kan hanya.

Filin na nan yadda ya bar shi. Mutane sun yi da'ira, makaɗa na zaune da gangunansu a cinya. A gindin bishiya ga wani tsoho, Bappa, wanda shi ne alƙalin shaɗi a wancan karon. Ɗanmaliki ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ya gaida shi da gida da shanu.

"Bappa, Hamma nake nema. Yana raye?"

"Yana raye."

"A taimaka a kira mini shi. Gafara na zo roƙo."

Bappa bai aiki kowa ba. Bai ma dubi Ɗanmaliki ba, bayansa yake kallo. Wata mata a cikin taron ta dafe baki. Makaɗa suka miƙe tsaye. Sai aka ji ƙarar rufe bayan mota.

Ɗanmaliki ya waiwaya. Ilu na tsaye ba riga, tabo uku kwance a haƙarƙarinsa, sandar tsamiya na sheƙi a hannun dama, tsohon madubi a hagu.

"Riƙe madubin, Ɗanmaliki," in ji Hamma, "mu ji ko naka kukan ma sai an ɗora."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, nan tawa ta tsaya.