Telan da Ya Hau Keke da Agogon Gudu

Tunda na ga idonka ya ƙi barin agogon hannun abokinka tun da muka tsaya hutawa, matso in ba ka wani misali.

A wani gari an yi wani tela da ya shekara bakwai yana gudun asuba tare da ƙungiyar garin, kuma duk tsawon lokacin nan ba abin da sauran suka sani a jikinsa sai ƙeyarsa. Shi ne zakara, ya kuma san shi ne, don ko tafiya yake sai ka gani. Ana nan sai wani mai faci ya shigo ƙungiyar, mutum shiru-shiru mai ƙafafu kamar sillen kara. A shekarar ne shugabansu, wani tsohon soja, ya ce mutum ɗaya tak za a tura babban tseren jiha, kuma bayan wata uku za a yi gwaji a fitar da shi. Ya ce kafin nan kowa ya ɗaura agogon nan mai hulɗa da tauraron ɗan'adam, wanda ke zana hanyar da mutum ya bi, ya faɗi kilomita nawa ya ci cikin minti nawa. In ka gama gudunka, sai ka tura hoton a zauren ƙungiya na waya kowa ya gani.

Da fari tela dariya yake yi wa mai faci. Kilomita huɗu? Ai wannan ko aike ne ba a kira shi nisa ba! To amma huɗu ta koma shida, shida ta koma takwas, mintocin kuma kullum raguwa suke. Mutane suka fara rubuta masa "Allah ya ƙara ƙarfi", addu'ar da a da tela kaɗai ke sha. Wallahi abin ya ci masa rai. Yana sallame sallar asuba, kafin ya ɗaga hannu ya roƙi Allah, sai ya jawo waya ya ga me mai faci ya yi jiya. Koko ya daina yi masa daɗi. Wata rana yana yanka wuyan riga yana leƙen waya, almakashi ya zarce, ya ɓata wa mutum shadda sabuwa fil. Bai fa rasa komai ba, ƙafafunsa na nan, har lokacin shi ne a gaba. Ganin wani na tahowa ne kawai ya hana shi sakat.

Maimakon ya ƙara ƙaimi, sai ya zauna yana saƙa yadda zai karya wa mai faci gwiwa. Ya lura agogon nan daga sama yake kallon mutum, wuri da sauri kawai yake gani, bai damu da ƙafa ce ta kai ka ko taya ba. Sai ya jawo tsohon kekensa daga zaure ya sa masa mai. Kullum da sassafe ya bi hanyar bayan gari ta gefen fadama inda ba mai ganinsa sai balbela, yana taka feda a hankali don kada saurin ya wuce na ɗan'adam. In ya kusa gida ya ɓoye keken a kangon wani, ya fasa ledar ruwa ya jiƙa rigarsa, ya shigo unguwa yana haki. Ya tura kilomita goma sha biyu, ya tura sha biyar, har sha takwas. Zauren waya ya ɗauki kabbara. Shi kuwa jira yake ya ji mai faci ya ce ya haƙura.

Ashe mai faci, bawan Allah, bai kawo komai a ransa ba. In ya ga lambar kilomitan tela sai kunya ta kama shi, ya ce lalle shi wasa yake yi. Ya riƙa tashi da wuri, ya riƙa hawan tudun makabarta sau biyar, sau goma, yana bin abin da babu shi. Wata uku cur, ɗaya na gina ƙafa, ɗaya na gina ƙarya.

Ranar gwaji gari ya fito. Tela ya ɗiba da ƙarfi kamar yadda ya saba, amma a kilomita na huɗu ƙirjinsa ya ɗauki wuta, cinyoyinsa suka yi nauyi kamar an ɗaura masa turmi. Mai faci ya zo ya wuce shi, har yana waiwaye, yana zaton dabara ce irin ta manya. Ya isa da lokacin da ba a taɓa yi ba a garin. Tela kuwa na tara ya zo, yana jan ƙafa.

Yana zaune a ƙasa yana neman numfashi sai ga mai faci da ruwa a hannu. Ya durƙusa gabansa a bainar jama'a ya ce, "Yaya, wallahi kai ka ba ni wannan. Da ban riƙa ganin lambarka ba, da har yau ina kan takwas. Na san yau ba ka jin daɗi ne, Allah ya ba ka lafiya."

Tela ya karɓi ruwan. Ba wanda ya taɓa gano zancen keken, shi kaɗai ya san da ƙafarsa ya tuƙa mutumin nan har ya kai shi gurbin da yake tsoron ya rasa.

Saboda haka ka mai da idonka kan naka hannun, malam. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce hassada ga mai rabo taki ce.