Duro Ashirin Zuwa Tajaye

Daga bayan kamyo, babbar motar kaya, aka sako duron, cike da ruwa. Ya faɗi a kan gefen bakinsa, ya gangara, ko ɗigo bai fita ba. Alkasum direba ya dubi Hamdiyya, ma'aikaciyar buro, ofishin da ke rabon maganin fara a Konni, ya tofar da tukar goro dab da takalminta.

"To, ɗiyar Abarshi, ko a hau hasumiya a sake jefo shi?"

Ta sa aka kifa duron, aka ɗora masa buhunan siminti, ta durƙusa tana bin ɗinkin walda da yatsa. Damanar 2004 ce, fara ta sauka a arewa, ana neman mai kai magani ƙauyuka. Amma doka ta ce duk mazubin da zai ɗauki guba a kan hanya sai an jefa shi, an danne shi, an kifa shi, an ga bai yoyo ba. Alkasum raini ya ɗauki dokar. Shekara ashirin da biyu yana kan sitiyari, sai yarinyar da ya ci tuwon sunanta ta je Kwatano ta dawo da tabarau tana koya masa duro.

Abin da bai faɗa mata ba, duro ɗaya ne sabo a cikin ashirin ɗin da ya kawo. Sauran tsofaffi ne na manja da ya sayo a tsallaken iyaka, aka liƙe ramukan tsatsa da kwalta, aka shafe su da shuɗin fenti. Sabon ya ajiye a bakin ƙofar mota, inda hannu zai fara kaiwa.

"Wanga ya ci gwaji, baba," in ji ta. "Ka bar su duka nan. Gobe bayan Juma'a ka zo ka ɗauka, Tajaye za ka kai."

Washegari ya iske an cika su an jera a mota. Hamdiyya na bi ɗaya bayan ɗaya tana ƙara murɗa marufi, hannunta babu ko safa. Ta miƙa masa takunkumin hanci. Ya nemi takarda mai jan tambari da ake nuna wa jandarma, ta ce takarda za ta biyo shi. Ya yi tsaki. Masu doka ke nan, ko aikin gabansu ba su iya ba.

Ya wuce Tsarnawa, ya bar kwalta ya kama jar hanya mai gargada. Motar na tsalle, durorin na gwaruwa da juna. Can ya ji wani abu ya ce fas. Ya dubi madubi, ya ga baƙin layi yana bin sa a kan ƙasa.

Inda ya taka birki gangare ne. A ƙasan gangaren akwai tabki, shanu sun tsoma baki, mata uku na cika tuluna.

Ya ja takunkumi ya hau baya. Duro uku ne suka buɗe a gindi. Ya cire rawaninsa ya cusa a tsagar, abin ya feso masa a hannu, ya jiƙa wandonsa har gwiwa. Bai ji wari ba, ya gode wa takunkumi. Amma ya san maganin. Ya taɓa ganin wanda ya zube wa a Malbaza, yana dalalar da yawu, idanunsa kamar na kaza. Nan take fatar hannunsa ta fara yi masa zafi.

Makullin na jikin mota. Babu wanda ya san shi a nan. Ya tsaya yana kallon layin yana rarrafawa zuwa tabki, ya dubi sitiyari, ya sake duban matan. Ƙaramar cikinsu ta duƙa ta kamfaci ruwa da tafi.

Ya diro yana daga hannu. "Kar ki sha. Ku kore shanu, guba ce."

Kafin ya gama tare layin da ƙasa, maza sun fito daga gero da hauyoyi. Wani makiyayi dogo, da ya ji ana kira Chindo, ya dafe masa ƙirji da kan sanda.

"Tabki ɗaya gare mu har rani. In saniya ɗaya ta faɗi, nan za ka kwanta tare da ita."

"Mi ka zuba muna? A cikin mi ka ɗauko shi?" in ji wani tsoho.

Harshen Alkasum ya yi nauyi. Ya tabbata maganin ne ya fara aiki, kuma wanda zai mutu ba ya da abin ɓoyewa. Ya faɗa musu komai: manjan, kwaltar, fentin, da sabon duro guda da ya ajiye a bakin ƙofa.

Bai ji isowar babur ba. Hamdiyya ta sauka, ja wur da ƙurar motarsa, ta ratsa mutane ta hau baya. Ta ƙirga waɗanda suka fashe, ta rubuta a littafinta, ta dubi kilomita.

"Ke kika kashe ni, ɗiyar Abarshi," in ji Alkasum. "Kin san hanyar ga, kika sa ni."

"Na san ta, baba. Na kuma san fenti sabo a kan ƙarfe tsoho."

Ta cire tabarau, ta zare rawaninsa daga tsagar duron. Mutane suka ja da baya. Ta tara hannu biyu, ta wanke ƙurar fuskarta, ta sake tarawa ta kurɓa.

"Ruwan famfon buro ne," in ji ta. "Jiya duro ɗaya muka gwada, yau sauran sha tara."